Yaran Malta Huɗu da Kiran da Ba a Ji Ba

Idan aka kawo wa likitan yara yaron da zazzaɓinsa ya ƙi sauka, ga rama, ga kaluluwa ta kumbura, ga ciki ya ɗaga saboda hanta da saifa sun girma, jini kuma ya yi ƙasa, abubuwa uku ne zuciyarsa za ta fara raya masa: sankarar jini, ko tarin fuka da ya bazu a jiki, ko kuma wata cuta da ta rushe garkuwar jiki gaba ɗaya. Da irin waɗannan alamomi wasu yara huɗu suka bayyana daga ƙauye guda a Malta, ƙaramar ƙasar nan ta tsibiri da ke tsakiyar Bahar Rum, kudu da Sisili. Biyu daga cikinsu wa da ƙane ne. Malta ta zauna ƙarƙashin mulkin Birtaniya har 1964, kuma alaƙar likitocinta da asibitocin Landan ba ta yanke ba, don haka lamarin ya isa hannun Michael Levin, likitan yara a asibitin St Mary's, da abokan aikinsa.

Da aka shuka samfurin da aka ɗebo daga jikinsu, abin da ya tsiro ya ba kowa mamaki. Dangin ƙwayar tarin fuka ne, amma na nesa: irin su Mycobacterium avium da Mycobacterium fortuitum da Mycobacterium chelonae. Waɗannan suna zaune a cikin ƙasa da ruwa, har a bututun famfo. Kowannenmu yana shaƙarsu yana haɗiyarsu tun yana rarrafe, ba tare da ya ko yi atishawa ba. A shekarun 1980 likitoci sun saba ganin Mycobacterium avium tana cinye masu ƙanjamau da cutar ta yi wa nisa. Amma waɗannan yara ba su da ƙanjamau, kuma duk gwajin da aka san ana yi na raunin garkuwar jiki bai nuna wata sananniyar cuta ba. Wani abu kuma: ba ƙwaya iri ɗaya ce ta kama su duka ba. Da rijiya ɗaya ce ta gurɓace, ko wani mugun nau'i ne ya ɓulla a ƙauyen, da ƙwaya guda za a samu a jikin kowa. Tun da kowane yaro da tasa, to matsalar tana jikin yaran.

A 1995 Levin da jama'arsa suka bayyana lamarin a mujallar Lancet. Yara shida suka kawo, huɗun Malta da wasu 'yan'uwa biyu 'yan asalin tsibirin Saifurus. An haɗa musu magungunan kashe ƙwayoyin cuta kala-kala, cutar ba ta fita ba. A lokacin da aka buga rahoton, uku daga cikin shidan sun rasu, sauran kuma suna ta fama.

Ɓarawon da ya kwana a ɗakin dogari

Kafin a gane abin da ya karye a jikin yaran, sai an san yadda abin yake aiki a jikin mai lafiya.

Daga cikin fararen ƙwayoyin jini akwai wata babba da ake kira makrofaj, ma'anar sunan a Girkanci ita ce mai yawan ci. Tana zaune a huhu da hanta da saifa da ƙarƙashin fata, aikinta haɗiye duk baƙon da ta gani. Idan ta haɗiye shi sai ta kulle shi a wata 'yar jaka, ta haɗe jakar da wata mai cike da ruwan tsami da sinadaran narkarwa, shi ke nan an gama da shi. Yawancin ƙwayoyin cuta a nan suke ƙarewa.

Dangin tarin fuka sun fi haka wayo. Jikinsu lulluɓe yake da kitse mai kauri kamar kakin zuma, kuma sun iya hana jakunkunan nan biyu haɗuwa. Tun 1971 aka nuna haka a ɗakin bincike. Sai ya zama wanda aka kama ya mayar da ɗakin dogari masaukinsa, yana ci yana hayayyafa a ciki. Sinadaran rigakafi da ke yawo a ruwan jini, waɗanda suke manne wa ƙwayar cuta su hana ta sakat, ba su da hanyar shiga can. Wannan shi ne wahalar duk cutar da ke ɓuya a cikin ƙwayoyin jiki: tarin fuka, kuturta, salmonela mai kawo taifot da danginsa, da wasu 'yan ƙalilan.

Makrofaj tana da makaman da za su iya kashe baƙon, amma ba ta zare su da ra'ayin kanta. Dogari yana kamu, zartar da hukunci kuwa sai umarni ya zo daga fada. Abin da take yi shi ne ta aika saƙo. Saƙonnin da ƙwayoyin garkuwa ke aika wa juna ƙananan furotin ne da ake kira saitokin, kuma wanda take aikawa a nan sunansa intalukin 12, a taƙaice IL-12, wanda rukunin Giorgio Trinchieri suka gano a Filadelfiya a 1989. Saƙon yana sauka kan wasu ƙwayoyin garkuwa iri biyu, masu suna T da NK. Su kuma sai su mayar da amsa da wani saitokin, intafiron gama. Wannan amsar ita ce umarnin fada.

A bayan makrofaj akwai makarɓin da aka yi domin intafiron gama kaɗai, mai sassa biyu. Da zarar saƙon ya zauna a kansa, wasu sinadarai biyu da ke maƙale da shi ta ciki, JAK1 da JAK2, sai su tayar da na uku mai suna STAT1, shi kuma ya nufi cibiyar ƙwayar ya buɗe ɗaruruwan umarnin gado da suke rufe. Cikin sa'o'i makrofaj ta zama wata halitta daban. Jakar da baƙo ke kwance a ciki ta yi tsami, guba ta fara zuba, ana baje guntayen jikin baƙon a waje domin ƙwayoyin T su ƙara gane shi, ita kuma makrofaj ta ƙara yawan wani saitokin mai suna TNF, ta kuma ƙara IL-12. Ka ga zance ya zagayo inda ya faro, kowane zagaye ya fi na baya ƙarfi.

TNF ne ke kiran sauran ƙwayoyi su taru su kewaye wurin, su yi wani ɗan dunƙule da likitoci ke kira giranuloma. Ganuwa ce ta ƙwayoyi masu rai: makrofaj a tsakiya, ƙwayoyin T a kewaye. Ana ƙiyasin kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya sun taɓa kamuwa da ƙwayar tarin fuka, amma biyar zuwa goma cikin ɗari ne kawai cutar kan tasar wa a tsawon rayuwarsu. Sauran, irin wannan tsaro ne ya rufa musu asiri.

Me ya sa aka yi tsarin da sai an jira umarni? Saboda makaman ba su san gida ba. Gubar da ke kashe ƙwayar cuta tana ƙona naman da ke kusa. Ramukan da ake gani a hoton ƙirjin mai tarin fuka, da jinin da yake tofarwa, akasarinsu ɓarnar yaƙin da jikinsa ke yi ne. Makamin da ke da irin wannan tsada dole a sa masa makulli.

Neman inda igiya ta tsinke

Masu binciken ba a duhu suka fara lalube ba. Tun 1983 Carl Nathan da abokan aikinsa a New York suka nuna cewa intafiron gama shi ne sinadarin da ke zaburar da makrofaj. A 1993 kuma rukunoni daban-daban sun samar da ɓerayen da aka cire musu intafiron gama ko makarɓinsa, aka ga tarin fuka, har ma da ƙwayar BCG mai rauni, wadda ake yin allurar rigakafin tarin fuka da ita, suna kashe su. To amma ɓera ɓera ne. A jikin ɗan Adam ba a taɓa nuna wata ƙwayar gado guda aka ce ga wadda ke tsare mu daga wannan dangi ba.

Alamar farko ta fito ne daga kwalbar gwaji. Idan aka ɗebi jinin mai lafiya aka zuba masa wani sinadari na ɓawon ƙwayoyin cuta, zai fitar da TNF. Idan aka haɗa masa da intafiron gama, abin da zai fitar sai ya ninka. A jinin yaran wannan ƙarin bai samu ba. An ba da umarni, ba wanda ya motsa.

Melanie Newport, wadda ke aiki tare da Levin, ita ce sunanta ya zo farko a binciken da ya biyo baya, kuma dabarar da suka bi duk wanda ya san sikila zai gane ta. Mai AS lafiyarsa ƙalau, domin kwafi ɗaya mai kyau ya ishe shi. Sai AS ya auri AS ake samun SS, a kowane ciki da yiwuwar ɗaya cikin huɗu. Haka suka yi zato a nan. Iyaye lafiyayyu, yara marasa lafiya, ƙauye ɗaya a tsibirin da mutane suka daɗe suna auren juna: watakila wani kaka guda ne can baya ya ɗauko illar, ta gangaro ta ɓangaren uwa da na uba ta haɗu a jikin yaran. In haka ne, akwai wani yanki na kundin gadonsu inda abin da suka karɓa daga uwa da wanda suka karɓa daga uba za su zama iri ɗaya sak, kuma iri ɗaya a dukan su huɗun. Sai suka bi kundin suna duba alamomi, kamar mai bin sawun dabba. Suka sami wurin a dogon hannun kuromosom na 6, wato ɗaya daga cikin ƙunshin da kundin gado ya kasu a cikinsu, inda alamomi takwas a jere suka zo ɗaya a duka yaran.

Da suka duba abin da aka riga aka sani yana zaune a wannan yanki, sai ga ƙwayar gadon da ke ƙera sashe na farko na makarɓin intafiron gama. Suka nemi makarɓin a bayan fararen ƙwayoyin jinin yaran, babu shi. Suka karanta umarnin ƙera shi harafi bayan harafi, sai suka tarar da harafi ɗaya ya canza a gurbi na 395. Canjin ya mayar da wannan wuri alamar tsayawa. Jikin yana fara ƙera makarɓin, ya kai nan ya ajiye aiki, sai a sami guntu wanda ba shi da sashen da zai kafe shi a bangon ƙwaya, ba shi kuma da jelar da ke isar da saƙo ciki.

An buga sakamakon a mujallar New England Journal of Medicine a watan Disamba na 1996. A cikin fitowa guda, rukunin Jean-Laurent Casanova na asibitin yara na Necker a Faris, da Emmanuelle Jouanguy a gaba, suka kawo labarin wata jaririya 'yar asalin Tunisiya, iyayenta 'yan'uwan juna, wadda ƙwayar rigakafin BCG ta bazu a jikinta ta rasu ba ta cika shekara ba. Ita ma ƙwayar gadon nan ce ta lalace, ta wani gurbi daban. Rukunoni biyu, iyalai biyu da ba su san juna ba, ƙwayoyin cuta daban, amsa ɗaya. Irin wannan dacewar tana da wuyar musantawa.

Ga zafi, babu tsaro

A nan ne nake ganin lamarin ya fi koyarwa, kuma a nan ne mutane suka fi ruɗewa. Mun saba ɗaukar zazzaɓi da kumburi a matsayin shaidar jiki yana yaƙi, mu ɗauki mai raunin garkuwa a matsayin wanda jikinsa ya yi shiru. Yaran nan jikinsu bai yi shiru ba. Zazzaɓi ba ya sauka, ma'aunan kumburi a jini sun hau, kaluluwa da hanta da saifa sun cika da ƙwayoyin garkuwa da suka amsa gayya.

Dalili shi ne saitokin suna da yawa, kuma hanyoyinsu ba ɗaya ba ne. Makrofaj da ta ga baƙo tana iya fitar da IL-1 da IL-6 da wani kaso na TNF ba tare da jiran kowa ba. Su ne ke taɓa ma'aunin zafi na ƙwaƙwalwa su kawo zazzaɓi. IL-6 ne ke sa hanta ta fitar da sinadarin da ke kulle ƙarfen jini a rumbu, wanda idan ya daɗe sai jini ya yi ƙasa. TNF kuwa yana kashe sha'awar abinci yana zaizaye tsoka da kitse. (Ta hanyar rama ma aka sake gano shi a karo na biyu: Anthony Cerami ya fara ne da mamakin yadda sammore ke ƙarar da dabba, bincikensa ya kai shi ga wani sinadari, a 1985 shi da Bruce Beutler suka ga ashe TNF ne.) Duk waɗannan hanyoyi a buɗe suke a jikin yaran. Guda ɗaya ce ta toshe, ita ce kuma wadda ke sa a kashe baƙon da ke ciki. Tun da ba a kashe shi ba, ƙararrawa ba ta daina bugawa ba, sai jiki ya biya kuɗin yaƙi duka bai ci riba ko ɗaya ba.

Abubuwa biyu da aka riƙa gani a yaran da aka gano da irin wannan rashi daga baya sun ƙara fito da hoton. Na farko, idan aka yanko naman da cutar ta kama aka duba a madubin likita, ba a ganin giranuloma mai tsari. Sai tarin makrofaj warwatse, cikinsu maƙil da ƙwayoyin cuta. Na biyu, intafiron gama yana da yawa ƙwarai a jininsu, fiye da na mai lafiya nesa ba kusa ba. Ƙwayoyin T suna ta aiko umarni, suna ƙara ɗaga murya, ba makarɓin da zai karɓa ya kawar da shi daga jini. Sanƙira ne ke ta shela a garin kurame. Har wannan yawan ya zama ɗaya daga cikin alamomin da ke sa likita ya zargi cutar.

Wani abin lura shi ne ƙanƙantar ɓarakar. Yaron da aka haifa ba shi da ƙwayoyin T gaba ɗaya, kowace irin cuta tana kayar da shi tun a watannin farko. Waɗannan kuwa galibin cututtukan yau da kullum jikinsu yana iya musu. Dangin tarin fuka ne, sai salmonela da wasu tsirarun masu ɓuya a cikin makrofaj, suke samun ƙofa a buɗe. Akwai ɗan abin dariya a tarihin sunan: Alick Isaacs da Jean Lindenmann sun raɗa sunan intafiron a Landan a 1957 ne domin sun ga yana katsalandan ga yaɗuwar bairos. Wannan gaskiya ne ga nau'o'in alfa da beta. Shi ma gama yana taɓa wannan aiki, amma ba nan ya fi ƙarfi ba. Yaran Malta sun nuna cewa a jikin mutum babban aikinsa tayar da makrofaj ne.

Sauran mahaɗan sarƙar

Da aka san inda za a duba, sai abubuwa suka riƙa fitowa da sauri. A 1998 kaɗai an sami marasa lafiyar da sashe na biyu na makarɓin intafiron gama ne ya lalace musu, da waɗanda ba sa iya ƙera IL-12, da waɗanda makarɓin IL-12 ne babu. A 2001 aka sami masu illa a STAT1. Kusan kowane mahaɗi na zagayen da aka zana a takarda, an sami ɗan Adam da nasa ya karye. Yau duk ana tara su ƙarƙashin suna ɗaya, raunin gado ga dangin tarin fuka, kuma ƙwayoyin gadon da aka danganta da shi sun haura goma sha biyar.

Ga likita, sanin wane mahaɗi ne ya karye shi ne komai, domin yara biyu za su iya zuwa da kamanni ɗaya maganinsu ya sha bamban. Wanda matsalarsa ke wajen IL-12, saƙon farko ne bai isa fada ba, amma kunnen makrofaj ɗinsa lafiya lau. Idan aka yi masa allurar intafiron gama tare da magungunan kashe ƙwayoyin cuta, an tsallake wurin da ya karye. Rashin makarɓin IL-12 shi ne nau'in da aka fi samu, ya fi sauƙi, salmonela tana yawan damun masu shi, kuma akan sami ɗan'uwa mai ɗauke da illar sak amma bai taɓa kwanciya ba. Wanda kuwa ba shi da makarɓin intafiron gama gaba ɗaya, kamar yaran Malta, ko an cika jininsa da allurar ba ta da inda za ta sauka; dama nasa ya yi masa yawa. Cutar takan fara tun yana ƙarami, ta riƙa dawowa da zarar an sassauta magani. Abin da ke warkar da shi ɗaya ne, dashen ɓargo, domin a ba shi sabbin makrofaj masu kunne. Nan ma akwai tarko: yawan intafiron gama da ke jininsa yana sa jiki ya ƙi karɓar sabon ɓargon, shi ya sa ake ƙoƙarin danne cutar a rage shi kafin a yi dashen.

Za a iya cewa wannan duk labarin 'yan tsirarun yara ne. Amma manya ma sun maimaita gwajin ba da saninsu ba. A ƙarshen shekarun 1990 aka fara amfani da maganin infliximab, wanda ke toshe TNF, ga masu amosanin gaɓɓai da masu kumburin hanji, kuma ya yi musu aiki sosai. A 2001 Joseph Keane da abokan aikinsa suka tattara rahotannin mutum 70 da tarin fuka ya tasar wa bayan sun fara maganin, daga cikin kimanin 147,000 da aka ba. Rabinsu cikin makonni 12 na farko abin ya bayyana, kuma a jikin 40 cutar ta fita daga huhu ta kama wasu sassa. An kwantar da kumburin gwiwa, ashe an zare tubalin ganuwar da ta shekara da shekaru tana riƙe da tsohon fursuna. Tun daga nan ya zama ƙa'ida a binciki mutum kafin a ɗora shi kan irin wannan magani, kuma ɗaya daga cikin gwaje-gwajen da ake yi shi ne a zuba wa jininsa guntayen furotin na ƙwayar tarin fuka a auna ko ƙwayoyin T za su fitar da intafiron gama. A 2012 kuma wani bincike a Tailan da Taiwan ya bayyana manya marasa ƙanjamau da ke fama da irin cututtukan yaran Malta. Su jikinsu ne ya ƙera sinadarin rigakafi da ke kama intafiron gama a hanya kafin ya isa. Ƙanjamau kansa ta nan yake buɗe wa tarin fuka ƙofa, tun da ƙwayoyin T masu alamar CD4 da yake kashewa suna cikin manyan masu aiko umarnin.

Kada kuma a ɗauka yawan intafiron gama alheri ne zalla. Akwai wata cuta ta jarirai da ake taƙaita sunanta da HLH, inda ƙwayoyin T suke kasa tsayawa, su yi ta zubo shi, makrofaj su haukace har su fara cinye ƙwayoyin jinin mai su. A 2018 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wani magani, emapalumab, wanda aikinsa toshe intafiron gama ne domin ceton irin waɗannan yara. Abin da rashin jinsa ya kashe yaran Malta, shi ne ake biyan kuɗi a toshe a wani ɗakin asibitin. Kuturta ma, wadda ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, tana nuna fuskokin biyu a cuta guda. Mai amsa da intafiron gama da ƙarfi yakan sami 'yan tabo kaɗan, ƙwayar cutar ba ta da yawa a jikinsa, amma kumburin yana iya lalata masa jijiya da wuri. Mai raunin amsa kuwa fatarsa takan cika da ƙwayoyin cuta ba adadi. Rukunin Robert Modlin ne suka auna wannan bambancin saitokin a fatar majiyyata a 1991.

Abin da ya shafe mu

Abubuwa ukun da suka haɗu suka fito da wannan cuta fili a Malta da Tunisiya duk muna da su: auren zumunci, da rigakafin BCG da ake yi wa jariri a kwanakin farko, da dangin tarin fuka ko'ina, ga shi Nijeriya tana cikin ƙasashen da tarin fuka ya fi yi wa katutu a duniya. Ba abin mamaki ba ne cewa da yawa daga cikin iyalan da aka gano da wannan rauni sun fito ne daga wurare irin su Turkiyya da Iran da Saudiyya da Maroko, inda ake auren dangi kuma ake yin BCG ga kowa.

A nan sai an yi hattara da magana, domin mun san yadda jita-jita kan rigakafi ke tashi a wajenmu. BCG, wanda Albert Calmette da Camille Guérin suka samar daga ƙwayar tarin shanu da suka raunana, ana yin sa tun 1921, kuma yana kare ƙananan yara daga mafi munin nau'in tarin fuka, wanda ke kama ƙwaƙwalwa da wanda ke bazuwa a jiki. Yaran da yake bazuwa a jikinsu 'yan ƙalilan ne cikin miliyan. Ɗan ƙurjin da ke fitowa a dantse ya fashe ya bar tabo, wannan alamar jiki ya ji kira ya amsa ce. Yaron da ba shi da makarɓin kuwa, ko ba a yi masa allurar ba, ruwan randa da ƙasar tsakar gida suna jiran sa. Ƙwayoyin da suka kama yaran Malta daga muhalli suka fito.

Abin da ya kamata ya tsayar da ma'aikacin lafiya shi ne wani hoto daban: jaririn da wurin allurarsa ya ƙi warkewa watanni, kaluluwar hammata ta fashe tana tsiyaya, wasu suka fito a wuya ko matsematsi, ga zazzaɓi ga rama, gwajin ƙanjamau kuma bai nuna komai ba. Ko yaron da taifot ko danginsa ke ta dawo masa duk da cikakken magani. Tambayoyin da za su biyo baya ba sa buƙatar na'ura: shin Mama da Baba 'yan gida ɗaya ne? An taɓa rasa wani yaro a ɗakin da irin wannan ciwo? In amsar ta zama e, to ƙanen da ke tafe a dakatar da yi masa BCG har sai likitan yara ya duba shi, shi kuma mai ciwon a tura shi asibitin koyarwa da takardar da ta rubuta tarihin gidan, ba tarihin zazzaɓin kaɗai ba.